Babi na Bakwai: Wayar Mai Gida da Karatun Ɗan Firamare

Tun da waya ta shiga kusan kowane gida, har ana cinikin shanu da albasa ta cikinta, ana sauraren tafsiri, ana tura kuɗi daga Legas zuwa ƙauye cikin ƙiftawar ido, me zai hana a koyar da yaran firamare ta wannan hanya? Wannan ce tambayar da iyaye da malamai suke yawan yi tun daga shekarar 2020. Akwai kuma masu juya ta, suna cewa me ya haɗa yaron da bai gama haɗa baƙi da wasali ba da WhatsApp da Facebook, wuraren da manya ma suke ɓata a cikinsu? Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai duka biyun sun ɗauka cewa yaron ne zai riƙe wayar, alhali a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na kudancin Jihar Sakkwato, kamar yadda yake a yawancin karkarar ƙasar Hausa, da wuya a sami ɗan firamaren da ke da waya tasa ta kansa.

Abubuwa biyu ake magana a kansu, kuma ya kamata a rarrabe su tun farko. Kafafen sada zumunta su ne manhajojin da mutane ke musayar saƙo da hoto da murya da bidiyo a kansu, irin su WhatsApp da Facebook da YouTube da TikTok, waɗanda ba domin makaranta aka ƙirƙire su ba, malamai ne suka aro su. Shafin aji kuwa wuri ne a intanet da malami ko makaranta ke buɗewa domin a ajiye darussa da aikin gida da sanarwa da sakamakon jarrabawa, ko dai shafi mai zaman kansa, ko kuma ɗaki a cikin wani babban dandali irin Google Classroom da ya fito a 2014. A littattafan koyar da malamai da ake rubutawa a Amurka da Ingila, shafin aji ne kan zo da farko, kafafen sada zumunta su biyo baya a matsayin ƙari. A kudancin Jihar Sakkwato tsarin a juye yake, kuma dalilan juyewar su ne abin da wannan babi zai bi daki-daki.

Wa ke riƙe da wayar?

Garin Tambuwal yana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, kusan kilomita 100 daga birnin, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutane sama da 220,000. Kebbe, wadda baƙi kan rikita sunanta da na Jihar Kebbi da take iyaka da ita, ta fi Tambuwal faɗin ƙasa, amma mutanenta a waccan ƙidaya ba su kai 125,000 ba. Wannan bambanci yana da tasiri kai tsaye ga batun da ake yi, domin kamfanin waya yakan kafa ƙarfen sabis ne inda jama'a suka yi cincirindo kuma ciniki yake gudana, saboda haka sabis ya fi ƙarfi a garuruwan bakin titi irin Tambuwal da Dogon Daji, yana kuma raguwa gwargwadon yadda mutum ya nutsa cikin ƙauyuka da rugage, har a kai wurin da sai an hau tudu ko an tsaya a gindin wata sananniyar bishiya kafin saƙo ya shigo. Wutar lantarki ma haka take, abin da ya sa shagon mai caji, da janaretansa ko farantin solarsa da jerin wayoyi masu lamba a jiki, ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da ba su rasa ciniki.

Ko an sami sabis da caji, saura tambayar wanda wayar ke hannunsa. A mafi yawan gidaje babbar waya, wato wadda ake shafawa kuma take hawa intanet, ta mai gida ce ko ta babban ɗansa, kuma tana fita tare da mai ita. Da damina tana gona tun hantsi bai yi ba, ranar kasuwa tana kasuwa, da rani kuwa tana iya tafiya cirani Ibadan ko Fatakwal ta yi wata uku. Wadda ke zaune a gida, idan akwai ta, ƙaramar waya ce ta uwar yara, mai kira da saƙon rubutu da rediyo da tocila. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na maza a Najeriya suna da wayar kansu, mata kuwa kashi 55, kuma tazarar ta fi haka faɗi a karkarar arewa maso yamma.

Shi kansa yaron ba zaune yake yana jiran darasi ba. Da asuba yana makarantar allo, da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya ko kiwo ko ɗebo ruwa, yarinya kuma wataƙila tana talla ko reno. Lokacin da shi da babbar waya za su haɗu a gida ɗaya bai wuce tsakanin magariba da bayan isha'i ba, kuma a lokacin ma mai wayar yana da nasa buƙatun da ita. Duk wani shiri da aka gina bisa zaton cewa yaro zai zauna gaban waya na sa'a guda kullum, an gina shi ne domin 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwar cikin gari, waɗanda da ma su ne suka fi samun littafi da malamin darasi na gida.

Darasin shekaru biyu

Shekarun 2020 da 2021 sun gwada wannan magana a aikace. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda annobar korona, kuma yawancinsu ba su koma ba sai wajen Oktoba. Makarantun kuɗi na manyan birane suka koma Zoom da Google Classroom, Jihar Edo ta riƙa aika wa yaran firamarenta darussa da tambayoyi ta WhatsApp a ƙarƙashin shirinta na EdoBEST, amma jihohin arewa, har da Sakkwato, rediyo da talabijin suka fi dogara da su, saboda rediyo ne kaɗai ke isa gidan da ba wuta ba data. Shekara guda bayan haka, a Satumbar 2021, aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya domin yaƙi da 'yan bindiga, sannan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta bi sahu a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da Tambuwal ɗin kanta. A wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Makarantar da ta ɗora dukkan darussanta da rajistarta a kan intanet, da a waɗannan watanni ta wayi gari hannu rabbana. Saboda haka ƙa'ida ta farko a yanki irin wannan ita ce, duk abin da aka aika ta waya ya zama yana da kwafi a takarda ko a ƙwaƙwalwar wayar, yadda ɗaukewar sabis ba za ta tafi da shi ba.

Zauren malamai

Inda kafafen sada zumunta suka fi yin amfani a firamare shi ne inda ba a cika kallo ba, wato tsakanin malami da malami. Malamin firamare a ƙauye yana cikin ma'aikatan da suka fi kowa kaɗaici. Yana iya zama shi da hedimasta da wani guda ɗaya ne ke riƙe da aji shida, jami'in duba makarantu daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ba ya iya zuwa kullum saboda nisa da tsadar man babur, horon sanin makamar aiki kuwa yakan zo ne kwana uku ko biyar a wata cibiya, a watse, kowa ya koma da takardunsa. Abin da aka koya a irin wannan bita yakan dushe cikin makonni idan babu wanda za a tambaya ranar da aka gwada shi a aji aka ga bai tafi daidai ba.

Zauren WhatsApp na malaman gungun makarantu, wato makarantu biyar ko goma da ke maƙwabtaka, yana cike wannan giɓi da kuɗi kaɗan. A ɗauki misalin malamar aji biyu da ta lura cewa rabin ajinta suna rikita "b" da "d", suna kuma karanta "ɓ" kamar babu lanƙwasa a kanta. Tana iya ɗaukar hoton allon ajinta yadda ta rubuta gaɓoɓin, ba, bi, bu a sama, ɓa, ɓi, ɓu a ƙasa, ta haɗa da saƙon murya na rabin minti tana bayanin inda yaran ke tuntuɓe, kafin dare wani malami daga makarantar da ke nesa da ita kilomita goma sha biyar ya turo hoton katunan da ya yanka daga kwalin sabulu, da bayanin wasan da yake sa yara su yi da su a tsakar aji, inda mai riƙe da baƙi yake neman mai riƙe da wasali su tsaya kafaɗa da kafaɗa ajin ya karanta su. Babu abin da ya shiga hannun yaro a nan sai kwali, amma darasinsa na gobe ya canza. Irin wannan musaya tana da daraja ta musamman a Sakkwato, inda shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a wasu ƙananan hukumomin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka daga wajen 2015, ya bar malamai da dama da jagoran malami da littafin ɗalibi na koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Shirye-shiryen tallafi suna da wa'adi, kuma idan wa'adin ya cika, malaman da aka horar su ne ma'ajiyar abin da aka koya, zaure kuma shi ne hanya mafi araha da sabon malami zai ɗebo daga wurinsu.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama a zauren ma'aikata ya san yadda yake lalacewa. Ana farawa da gaisuwar Juma'a da hotunan furanni, sai sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya, sai jita-jitar albashi da ƙarin girma, sai siyasa, daga nan wanda ya turo tambaya kan darasi sai ya ga ta nutse ƙarƙashin saƙo tamanin. Zumunci ba laifi ba ne, amma ya fi kyau a ba shi zaurensa daban. Zauren aiki yana buƙatar mai kula wanda ake jin nauyinsa, da ranar da aka sani ta tattauna darasin mako, da kuma sharaɗi guda da ya fi sauran muhimmanci, wato kada shugabanni su mayar da shi wurin tsawatarwa. Ranar da aka ci fuskar malami a gaban abokan aikinsa saboda hoton allonsa ya nuna kuskuren rubutu, daga ranar babu wanda zai sake turo hoton allo, kuma zauren zai koma wurin karɓar umarni da amsa "an gani, ranka ya daɗe".

Akwai kuma batun kuɗin data, wanda ake yawan tsallakewa a takardun tsare-tsare. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma malamin da ake sa ran ya riƙa sauke bidiyon horo daga aljihunsa yake biya. Bidiyon minti goma yana cin data fiye da ninki ɗari na saƙon murya mai minti ɗaya, don haka hukumar da ke son malamai su saurare ta, gara ta aika murya da hoto da takarda mai shafi ɗaya.

Saƙo zuwa gida

Hanya ta biyu ita ce tsakanin malami da iyaye, kuma a nan saƙon murya ya fi komai tasiri. Iyaye da yawa a wannan yanki sun yi karatun allo, suna karanta Alƙur'ani da ajami, amma rubutun boko ba ya yi musu sauƙi, balle takardar sanarwa da aka buga da Turanci aka ba yaro ya kai gida. Muryar malami, da Sakkwatancin da ake yi a garin, tana tsallake wannan katanga gaba ɗaya. Saƙon da ya fi amfani gajere ne kuma yana neman abu ɗaya tak: a wannan mako yara sun koyi ƙirga daga 1 zuwa 50, a ba yaro tsakuwa ko ƙwayar gyaɗa ya kasa su goma-goma bayan sallar magariba. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya wannan, haka ma yayan da ke aji shida.

Isar da ilimi zuwa cikin gida ta hannun wani baligi amintacce ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda masu muƙamin jaji, wato dattawan mata da aka horar, suke zuwa su ɗauki karatu a wurinta su koma ƙauyukansu su koyar da matan da ba su iya fitowa. Ƙarfin wannan tsari yana ga jajin da aka yarda da ita, kuma saƙon waya ma yana buƙatar irin wannan mutum a ƙarshen layi. Kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye mata su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin mace ɗaya mai babbar waya a unguwa tana iya kunna saƙon malami ga gidaje goma, ko ta tura shi ta Bluetooth zuwa ƙananan wayoyi ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Bincike daga wasu wurare ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A Botswana, lokacin rufe makarantu na 2020, ƙungiyar Young 1ove tare da masu bincike sun gwada hanyoyi biyu: aika wa iyaye tambayoyin lissafi ta saƙon rubutu kowane mako, da kuma haɗa saƙon da ɗan gajeren kiran waya inda malami ke bi da yaro cikin tambayoyin iyayensa suna ji. Hanyar da ta haɗa da kira ce ta nuna ci gaba na a zo a gani, kuma ƙaramar waya ta wadatar da ita. Kusa da gida, a jihohin Doso da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, an yi wani gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a 2009 da 2010, inda aka koya wa wasu ɗalibai rubuta saƙo a ƙaramar waya da Hausa ko Zabarmanci, sai aka ga sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Manya ne ba yara ba, amma abin lura shi ne a duka gwaje-gwajen biyu akwai malami mai rai a cikin lamarin, wayar kuma mafi arha ce.

Hatsarin da ke cikin zauren iyaye shi ne ya raba ajin gida biyu ba tare da malami ya ankara ba. Idan aji yana da yara 70, iyayen 20 ne ke cikin zaure, to sanarwar da aka yi a zaure kaɗai ba a yi ta ba, kuma aikin gida da aka tura ta can ya zama gata ga 20 ɗin. Abin da ya shiga zaure dole ne a rubuta shi a allo, a faɗe shi a taron safe, in ya kama a roƙi liman ko mai unguwa ya maimaita.

Shafin aji

Zauren WhatsApp kamar kasuwa yake, ranar da ta ci ake samun kaya, wanda ya makara sai ya tarar an watse. Shafin aji kuwa rumbu ne, abin da aka zuba yana nan har a buƙace shi. Wannan ne amfaninsa na gaskiya, domin darasin da aka tura zaure a zangon farko ba ya samuwa a zango na uku, wayar ta cika an goge, ko ta faɗa ruwa, ko an sayar. Amma shafi yana buƙatar mai sabunta shi, da data mai yawa kafin ya buɗe, da adireshin imel da kalmar sirri ga kowane mai shiga, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa malamin da ke fama da aji biyu a ɗaki ɗaya. Abin da ya fi kama hankali shi ne rumbu ɗaya na ƙaramar hukuma ko na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, inda za a tara tsare-tsaren darasi da labarai da tambayoyin auna fahimta aji-aji, malamai su riƙa ɗiba.

Wani ɓangare na wannan rumbu ya riga ya samu. A watan Maris na 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan da suka bi manhajar karatu ta ƙasa da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma kamfanin Airtel ya buɗe shi ga masu layinsa ba tare da cin data ba. Akwai kuma shafukan African Storybook da StoryWeaver, inda ake samun gajerun labaran yara masu hoto da Hausa kyauta, waɗanda malami zai iya saukewa ranar da ya shiga gari karɓar albashi, ya karanta wa aji daga wayarsa ko ya buga a shagon kwamfuta. Ga makarantar da ta sami tallafin sola da 'yan kwamfutocin hannu, akwai manhajoji irin Kolibri da ke aiki ba tare da intanet ba, na'ura ɗaya ta riƙe darussan ta raba wa sauran a cikin ɗaki. Sai dai ya kamata malami ya karanta duk abin da ya sauke kafin ya kai aji, domin ba kowace Hausa da ke intanet ce ta bi ƙa'idar rubutu ba, kuma yaron da yake koyon bambanta "ƙ" da "k" ba ya buƙatar rubutun da ya zubar da lanƙwasa ko ya taƙaita kalmomi irin yadda ake yi a hirar waya.

Amanar yaro

Facebook da WhatsApp da TikTok duka sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai buɗe asusu, ɗan firamare kuwa yawanci tsakanin 6 da 12 yake, don haka malamin da ya umarci ɗalibansa su buɗe asusu ya umarce su ne su yi ƙaryar shekaru. Wasu ƙasashe ma sun ɗaga iyakar, kamar Ostareliya da ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a manyan kafafe. A Najeriya, dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta shar'anta neman izinin uba ko uwa ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, hoto da suna da sakamakon jarrabawa kuwa duka bayanai ne.

A kudancin Sakkwato batun ya wuce na doka. Yankin yana maƙwabtaka da Zamfara da Kebbi, kuma ba a manta da sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021 ba. Shafin makaranta na Facebook da kowa ke iya gani, mai nuna fuskokin yara da sunayensu, da katangar da ta rushe, da lokacin tashi, da sanarwar ranar rabon kyaututtuka da sunan babban baƙo, ya tara wa mugu bayanin da da sai ya aiko ɗan leƙen asiri. Hoton aikin yaro, wato littafinsa ko zanensa, yana isar da duk abin da ake son nunawa ba tare da fuskarsa ba. Haka kuma bidiyon yaron da ya kasa karanta jimla, wanda wasu ke ɗauka su yaɗa da sunan nuna lalacewar ilimi, cin amana ne ko da niyyar ta yi kyau, domin bidiyon zai rayu har yaron ya girma ya nemi aure a garin. Malami kuma, namiji ko mace, ba ya hira ta keɓe da ɗalibi ta waya; saƙonsa ga iyaye yake zuwa, a zauren da hedimasta yake ciki. A garin da har yanzu ake lallashin wasu iyaye su bar 'ya'ya mata su gama aji shida, ƙorafi ɗaya na irin wannan ya isa ya kwashe 'yan matan unguwa guda daga makaranta.

Da me za a auna?

Shirye-shiryen fasaha sun saba ƙirga abin da ke da sauƙin ƙirgawa: na'urori nawa aka raba, mutum nawa suka yi rajista, saƙo nawa aka tura. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda aka fara gwada shi a wata firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007, ya sami babbar karɓuwa a Peru, inda aka raba ɗaruruwan dubban na'urori, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a makin lissafi da na harshe ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya yi irin wannan gargaɗi, cewa hujjoji masu ƙarfi kan amfanin na'urori a aji ba su kai yawan tallar da ake yi musu ba. A Sakkwato kuwa ma'aunin a bayyane yake, domin gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma irin wannan yanayi ne ya sa gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a farkon mulkin Gwamna Tambuwal.

Hedimasta ba ya buƙatar baƙo daga Abuja kafin ya yi wannan awo. A farkon zango ya zaɓi yara goma daga aji biyu ba tare da duba 'ya'yan wa ba ne, ya ba kowanne ɗan gajeren labari na layi biyar, ya duba agogon wayarsa, ya ƙirga kalmomin da yaron ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ya rubuta a bayan rajista. A ƙarshen zango ya maimaita da yaran nan goma. Idan zauren malamai da saƙonnin murya suna aiki, alƙaluman za su motsa, idan kuma ba su motsa ba, to a binciki abin da ake turawa da wanda yake saurare.

Duk hanyoyin da aka bi a wannan babi, daga hoton allo zuwa kiran waya zuwa zaɓen labari daga rumbu, sun tsaya ne a kan malamin da ya san yadda ake koyar da karatu tun kafin ya taɓa waya. Babi na gaba zai duba inda ake samar da wannan malami, wato kwalejojin ilimi irin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato da cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, da abin da mai takardar NCE yake fitowa da shi, da kuma abin da yake tararwa ranar da aka tura shi Kuchi ko Sanyinna aka miƙa masa alli.